GRUB ya maƙale a faifan Windows, root kuma ya ce bai san grub-install ba

Sani_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Kwamfutar tebur ce, tokumbo, mai faifai uku: SSD 256GB mai Windows 10, SSD 500GB mai Debian 12, sai babban faifai 1TB na ajiyar fayiloli. So nake in cire mai Windows ɗin in sa shi a wata kwamfuta. Da na zare shi na kunna, sai ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Na mayar da shi, GRUB, wato manhajar da ke kawo menu ta tada Debian ko Windows idan an kunna kwamfuta, ya fito lafiya lau. Ke nan GRUB ɗin a faifan Windows yake zaune. Na shiga Debian, na buga su, na sa kalmar sirrin root, wato asusun mai cikakken iko, sannan:

grub-install /dev/sdb

Amsar da ta ba ni: bash: grub-install: command not found

Haka update-grub, haka fdisk. Amma apt ya ce grub na nan a girke. To ina ya shiga?

Injiniya_Otigba:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Bai je ko'ina ba, yana /usr/sbin. Fita da exit, ka sake shiga da:

su -

Akwai tazara, sannan karan-ɗori. Ka buga echo $PATH kafin nan da bayan nan, za ka ga bambancin da idonka.

DanMile12:
Oga ka yi apt install --reinstall grub-pc kawai, zai dawo.

Hajara_Yaba:
A'a, don Allah kada ka yi wannan tukuna. DanMile12, ba mu ma san ko kwamfutar da UEFI take tashi ko da tsohon BIOS ba, wato sabuwar hanya da tsohuwar hanya da bod ke bi ya tada kwamfuta. grub-pc na tsohon BIOS ne, kuma ba sa zama tare da grub-efi-amd64. In UEFI ce, apt zai cire na daidai ya sa wanda ba shi ba, an gudu ba a tsira ba. Kuma ko an sake girkawa sau goma, command not found ɗin ba zai tafi ba, tunda ba rashin fayil ba ne.

Ga abin da ke faruwa. PATH jerin foldoji ne da shel, wato manhajar da ke karɓar umarninka, ke leƙawa ɗaya bayan ɗaya idan ka buga sunan umarni. A Debian, na mai amfani na yau da kullum shi ne:

/usr/local/bin:/usr/bin:/bin:/usr/local/games:/usr/games

Na root kuma:

/usr/local/sbin:/usr/local/bin:/usr/sbin:/usr/bin:/sbin:/bin

Tun Debian 10 da ya fito a 2019, su ɗin da ake amfani da shi na util-linux ne. In ka buga shi ba karan-ɗori, ka zama root ta fuskar iko, amma PATH ɗinka na da yana nan bai canja ba. Shi ya sa kake ganin alamar # amma grub-install, update-grub, fdisk, blkid, usermod duk sun ɓace. Wanda ya saba da Ubuntu shi ya fi faɗawa wannan ramin, domin can ko mai amfani na yau da kullum yana da sbin a PATH ɗinsa.

DanMile12:
Na ji Malama, na janye. Amma ai zai iya rubuta cikakkiyar hanyar, /usr/sbin/update-grub, ya huta.

Hajara_Yaba:
Wannan ma rabin magani ne. Buɗe fayil ɗin da cat ka gani, update-grub ɗan rubutu ne na layi uku, aikinsa kawai ya kira grub-mkconfig -o /boot/grub/grub.cfg, kuma da suna yake kiransa, ba da cikakkiyar hanya ba. Sai ya ce maka grub-mkconfig: not found. Shi ma dpkg haka yake yi, yana ƙorafin bai ga ldconfig da start-stop-daemon a PATH ba, ya tsaya. A gyara PATH ɗin kawai.

Sani_Agege:
Allah ya saka da alheri. su - ya yi aiki. Na buga grub-install /dev/sdb, ya ce Installation finished. No error reported. Na yi update-grub, na kashe, na zare faifan Windows, na kunna. Jiya i yau. Ba ta tashi ba.

Injiniya_Otigba:
Na yi zaton haka. Mayar da faifan ka turo mana amsar waɗannan:

ls /sys/firmware/efi
lsblk -o NAME,SIZE,FSTYPE,MOUNTPOINT,MODEL
fdisk -l /dev/sdb
efibootmgr -v

Kuma layin farko da grub-install ya rubuta, me ya ce? i386-pc ko x86_64-efi?

Sani_Agege:
Ya ce Installing for x86_64-efi platform. Foldar efi ɗin tana nan da kaya a ciki. Ga lsblk a taƙaice:

sda1 100M vfat /boot/efi
sda2 16M
sda3 237G ntfs
sda4 ntfs ƙarami
sdb1 457G ext4 /
sdb2 8G swap
sdc1 931G ntfs /media/ajiya

fdisk ya ce Disklabel type: gpt. A efibootmgr akwai Windows Boot Manager da debian, dukkansu HD(1,GPT da lamba iri ɗaya.

Injiniya_Otigba:
To ga ɓarawon nan. A UEFI, /dev/sdb ɗin da ka rubuta a ƙarshen umarnin ado ne kawai, grub-install ba ya kallonsa. Abin da yake kallo shi ne me aka ɗaura a /boot/efi, kuma naka sda1 ne, wato ɗan ɓangaren 100M da Windows ya yanka wa kansa. Ya sake rubuta fayilolin a EFI/debian na faifan Windows, ya ce maka ba kuskure, kuma gaskiya ya faɗa.

Faifan Debian ɗinka ba shi da ɓangaren EFI ko kaɗan. Lokacin girkawa, in aka raba faifai da hannu kuma akwai ESP, wato ɓangaren EFI ɗin, a wani faifan, shi manhajar girkawa take ɗauka. Sai ka yanka wa sdb nasa.

Garba_Obalende:
Yallaɓai duk wannan wahala ta mece ce? Kwafe fayilolinka zuwa 1TB, zare sauran faifan biyu, yi fomat ka girka sabo. Minti talatin ka gama.

BabanNana_IdiAraba:
Garba, minti talatin na girkawa, sai kwana biyu na mayar da manhajoji da saituna, ga kuɗin data. Aikin nan bai kai haka ba, tunda Allah ya taimake shi swap ɗinsa, wato ɓangaren da ke taimaka wa RAM, na ƙarshen faifai kuma yana da girma. Ba sai an taɓa sdb1 ba.

Malam Sani, bi a hankali. Da farko kwafe abin da ba ka son rasawa, kuma ka tabbata kwamfutar na kan UPS. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar rubuta teburin ɓangarori, labari ya canja.

1. su - sannan blkid /dev/sdb2, ka rubuta UUID ɗin swap, wato lambar shaidarsa, a takarda.
2. cp /etc/fstab /etc/fstab.tsoho
3. swapoff /dev/sdb2
4. fdisk /dev/sdb. Danna p ka tabbata 500GB ɗin ne. d sannan 2. n, lamba 2, karɓi farkon da ya ba ka, girma +512M. In ya tambaye ka ya goge tambarin swap, ce masa e. t, 2, rubuta uefi. Sai n kuma, lamba 3, ya cinye sauran filin. t, 3, rubuta swap. Sake danna p ka duba da kyau, sannan w.
5. lsblk. In ba ka ga sdb3 ba, buga partx -u /dev/sdb.
6. mkfs.vfat -F 32 /dev/sdb2. In babu shi, kunshin dosfstools ne.
7. mkswap -U sannan UUID ɗin da ka rubuta, sannan /dev/sdb3, sai swapon -a.

Dalilin -U ɗin: tsohuwar lambar tana cikin /etc/fstab, fayil ɗin da ke faɗin wane ɓangare za a ɗaura a ina, kuma galibi tana cikin /etc/initramfs-tools/conf.d/resume. In ka bar mkswap ya ba da sabuwa ba ka gyara wuraren nan ba, duk tashi sai kwamfutar ta tsaya kusan daƙiƙa 30 tana jira, sannan ta ce Gave up waiting for suspend/resume device.

Injiniya_Otigba:
Baba ya yi rabin aikin, ga sauran.

umount /boot/efi
blkid /dev/sdb2

Lambar FAT gajeriya ce, huɗu, karan-ɗori, huɗu. Buɗe /etc/fstab, a layin /boot/efi ka cire tsohuwar ka sa wannan. Sannan:

systemctl daemon-reload
mount /boot/efi
findmnt /boot/efi

Kada ka wuce nan sai findmnt ya nuna /dev/sdb2. Daga nan:

grub-install --target=x86_64-efi --efi-directory=/boot/efi --bootloader-id=debian
update-grub
efibootmgr -v

Yanzu layin debian ya kamata ya nuna HD(2,GPT da wata lamba daban da ta Windows. Wannan ita ce shaidarka, ba No error reported ba.

Ummi_Ikeja:
Ƙarin bayani kan --bootloader-id: a bar shi debian, kada a yi masa kwalliya da wani suna. In Secure Boot, mai hana tashin abin da ba shi da sa hannu, na kunne, grubx64.efi mai sa hannu a EFI/debian yake neman grub.cfg ɗinsa. Ka canja suna, ka tsinci kanka a baƙin allo mai grub> kawai.

Kuma layin fstab ɗin nan ba abin wasa ba ne. Wanda ya girka GRUB a sabon ESP da --efi-directory=/mnt amma ya manta fstab, GRUB zai fito, kernel zai tashi, sai systemd ya yi ta jiran sda1 da babu shi har daƙiƙa 90, ya jefa shi emergency mode. Shi ma layin 1TB ɗin, Malam Sani, sa masa nofail, don ranar da wayarsa ta saki kada ya hana kwamfuta tashi.

Mai_Faifai:
Ni fa ban ga dalilin ESP biyu ba ga wanda zai bar faifansa duka a ciki. An yi ESP ne don a raba, kowa da foldarsa: EFI/Microsoft, EFI/debian. Ɗaya ya isa.

Ummi_Ikeja:
Ya isa har ranar da faifan da ke ɗauke da shi ya mutu, ya tafi da tsarin da ba ruwansa. Kuma 100M ba wani fili ba ne. Kowane faifai mai tsarin aiki ya riƙe nasa, in ka zare shi ka kai wata kwamfuta ya tashi da ƙafarsa.

Mai_Faifai:
Malama Ummi, ESP biyu ma na da nasa ciwon kan. Mai girka Windows in ya ga wani ESP a wani faifai yana iya zuba nasa a can, ka ga an koma gidan jiya, sai dai an juya. Kuma duk sabuntawar GRUB ESP ɗaya take taɓawa, wanda ke fstab. Ɗayan ya tsufa yana nan a jerin F12 yana jiran ya ruɗa mutum.

Ummi_Ikeja:
Shi ya sa ake zare sauran faifai kafin girkawa. SATA zare waya ne kawai. NVMe ne mai ɗan aiki, sai da sukundireba.

Tukur_AlabaRago:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda maganar ta zo. Tsofaffin Core 2 Duo da ba su da UEFI fa? A can /dev/sdb ɗin yana da amfani ko?

Hajara_Yaba:
A can shi ne komai, Alhaji. A tsohon BIOS grub-install yana rubuta boot.img a sashen farko na faifai, mai bayit 512, sannan core.img a filin da ke tsakanin nan da ɓangaren farko, wanda yanzu yake farawa a sashe na 2048. Saura kuma suna /boot/grub/i386-pc. Don haka sunan faifai ake ba shi, /dev/sdb, ba /dev/sdb1 ba. In faifan GPT ne, sai an yanka masa ɗan ɓangare na 1MiB nau'in BIOS boot, ba a yi masa fomat, in ba haka ba ya ce embedding won't be possible.

Tarkon masu faifai da yawa a can: Debian na ajiye jerin faifan da zai riƙa sabunta wa GRUB. In BIOS na tashi daga sda amma jerin ya ce sdb, za a yi shekara ba a ga komai ba. Ranar da aka sabunta GRUB, tsohon core.img na sda ya haɗu da sababbin fayiloli na /boot/grub, su ƙi jituwa. Abin da ya faru da mutane da yawa ke nan a Yulin 2020, bayan gyaran ɓarakar BootHole: error: symbol 'grub_calloc' not found, sai grub rescue>. Maganinsa dpkg-reconfigure grub-pc, a zaɓi faifan da BIOS ke tashi da shi, ko duka faifan ciki. Shi ma dpkg-reconfigure a /usr/sbin yake, kada a ce ban faɗa ba.

Tukur_AlabaRago:
In an riga an faɗa grub rescue fa, ba filas a kusa?

Hajara_Yaba:
In matsalar ɓatan hanya ce kawai, misali no such device, buga ls ka ga jerin faifai, ka gwada ls (hd1,msdos1)/boot/grub har ka samu wanda ya amsa. Sannan set root=(hd1,msdos1), set prefix=(hd1,msdos1)/boot/grub, insmod normal, normal. GRUB na ƙirga faifai daga 0, ɓangare daga 1. Amma in symbol not found ne, insmod ɗin shi ne ke faɗuwa, wannan ba zai yi ba. Gwada tashi daga ɗayan faifan ta menu, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. In ya ƙi, sai a tashi daga filas mai Linux a yi chroot, wato a shiga tsarin da ke faifan daga can.

BabanNana_IdiAraba:
Tunda an ambaci chroot, ga shi ga mai UEFI, don masu karantawa daga baya. A tashi filas ɗin ta layin da aka rubuta UEFI a gabansa. In ka tashe shi a Legacy, wato yanayin tsohon BIOS, grub-install zai ce EFI variables are not supported on this system, ba zai iya rubuta komai a jerin tashi ba.

mount /dev/sdb1 /mnt
mount /dev/sdb2 /mnt/boot/efi
for i in dev proc sys run; do mount --rbind /$i /mnt/$i; done
chroot /mnt /bin/bash

--rbind ne, ba --bind ba, don ya kwaso /sys/firmware/efi/efivars da /dev/pts. Kuma haruffan nan sda, sdb ba su da alƙawari. Daga filas, faifan da ka sani da sdb yana iya zama sdc. A duba girma da MODEL a lsblk, ko ls -l /dev/disk/by-id, kafin a taɓa komai. chroot kuma yana gadon PATH ɗin filas ɗin ne. In filas ɗin na wani tsarin ne da ba ya sa sbin a PATH, za ka sake cin karo da command not found a ciki. Sai export PATH=/usr/sbin:/usr/bin:/sbin:/bin.

DanMile12:
Duk da sudo ake aiki da ba a sha wannan ba. Me ya sa Debian ba ya ba mutum sudo tun farko?

Injiniya_Otigba:
Yana bayarwa, in ka bar kalmar sirrin root babu komai lokacin girkawa. Sai ya kulle root ya sa ka a rukunin sudo. In ka sa wa root kalmar sirri, ba zai sa ka ba. Daga baya: su -, apt install sudo, usermod -aG sudo sunanka, ka fita ka sake shiga. sudo bai damu da PATH ɗinka ba domin akwai layin secure_path a /etc/sudoers, kuma akwai sbin a ciki. Wannan ma yana cizo ta ɗaya gefen: abin da ka ajiye a ~/.local/bin yana aiki ba sudo, ka sa sudo ya ce bai san shi ba.

Wanda kuma hannunsa ya saba da su tsirara, ya ƙirƙiri /etc/default/su ya rubuta ALWAYS_SET_PATH yes a ciki.

Hajara_Yaba:
Yana aiki, amma ni ba na ba da shawararsa. PATH kaɗai yake gyarawa, sauran muhallin mai amfani yana biyo ka cikin root. Ranar da ka zauna gaban wata kwamfutar da ba a yi mata haka ba, ka sake ruɗewa. Karan-ɗori ɗaya ne fa.

Sani_Agege:
Alhamdulillah. Na bi na Baba da na Injiniya. findmnt ya nuna sdb2, efibootmgr ya nuna HD(2,GPT. Na zare faifan Windows, Debian ya tashi shi kaɗai, swap na aiki. Faifan ya koma sda yanzu amma ba abin da ya lalace. Tambaya biyu: a menu har yanzu akwai layin Windows. Kuma shi faifan Windows ɗin akwai EFI/debian a cikinsa, in goge?

Ummi_Ikeja:
Ba abin da ya lalace don fstab da grub.cfg da UUID suke aiki, ba da harafi ba. Layin Windows kuma, sake update-grub yanzu da faifan ba ya ciki, zai tafi. Na jerin firmware kuwa, efibootmgr -b sannan lambarsa, sannan -B. Duba lambar sau biyu. Foldar EFI/debian ta tsohon faifai ba ta cutar da kowa, 'yan megabayit ne. Goge in kana so, amma sai bayan ka ga Windows ya tashi a can.

Mai_Faifai:
Ga masu akasin matsalarsa, wato Windows ya ɓace daga menu bayan update-grub: daga GRUB 2.06, wanda ke Debian 12, ba a kunna os-prober, mai nemo sauran tsarin aiki a faifai, kai tsaye. Sa GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a /etc/default/grub, ka tabbata kunshin os-prober na nan, ka sake update-grub. Sai dai GRUB na UEFI ba ya tada Windows da aka girka a Legacy, ko me ka rubuta. Kuma mai BitLocker, wato kullen faifai na Windows, ya nemo makullinsa mai lamba 48 ya ajiye kafin ya taɓa Secure Boot ko jerin tashi.

Sani_Agege:
Jama'a na dawo. Daren jiya an kashe komai daga soket. Da safe na kunna, No boot device kuma. Na shiga saitin firmware, babu debian a jerin, kuma agogo ya koma wata tsohuwar shekara. Faifan yana nan, ana ganinsa.

Garba_Obalende:
Da ka yi fomat...

Injiniya_Otigba:
Garba, fomat ba ya gyara agogo. Malam Sani, batirin bod ne, CR2032, mai kamar kwabo. Tokumbo da yawa da nasu na asali suke zuwa. Auna shi da mita, sabo yana ba da 3V ko sama kaɗan. In ya yi ƙasa sosai, canja. Ba sai ka shiga go-slow zuwa Ikeja ba, masu gyaran agogo na Agege suna da shi. Bayan ka canja, duba yanayin SATA ya tsaya a AHCI, domin wasu bod in sun koma saitin masana'anta RAID suke komawa, kuma duba ba ta koma Legacy ba.

Da faifan Windows na ciki ba ka lura ba, don Windows yana ajiye kwafi a EFI/Boot/bootx64.efi, hanyar da firmware ke bi in jerinsa ya goge. Sabon ESP ɗinka ba shi da wannan. Don shiga yanzu, nemi Boot from file ko Add boot option a saitin, ka nuna masa EFI/debian/shimx64.efi. In ka shiga, su -, sannan dpkg-reconfigure grub-efi-amd64, ka amsa e a tambayar removable media path. Ta nan ya fi grub-install --force-extra-removable da hannu, don zai riƙa sabunta kwafin duk lokacin da GRUB ya sabunta.

Mai_Faifai:
A ESP ɗin da Debian ke shi kaɗai, na yarda. A wanda ake rabawa da Windows kuwa zai taka bootx64.efi na Windows, kada wani ya kwafa ido rufe.

Hajara_Yaba:
Ban gamsu batiri ne kaɗai ba. Agogon nasa ne, ba musu. Amma jerin tashi a yawancin bod a filashin firmware yake, ba ya dogara da batiri, kuma akwai bod da ke share duk layin da ba su ga faifansa ba a lokacin kunnawa. In wayar SATA ko ta wutar SSD ɗin ta yi sako-sako wajen zare-zaren jiya, hakan na iya faruwa. Malam Sani, kafin ka canja batirin: mayar da layin, kashe ta ba tare da zare soket ba, kunna, duba efibootmgr. Sannan zare soket minti goma, ka sake dubawa. Kuma mayar da SSD ɗin ramin SATA0 da faifan Windows ya bari.

Sani_Agege:
Na shiga ta Boot from file, na yi dpkg-reconfigure, ls /boot/efi/EFI yanzu yana nuna BOOT da debian. Na mayar da wayar SATA0. Gwajin farko layin yana nan. Na zare soket yanzu, batirin kuma sai an buɗe shaguna.

Tukur_AlabaRago:
Malama Hajara, a dpkg-reconfigure grub-pc ɗin ya kawo mini sda, sdb da sdb1. Har sdb1 ɗin zan zaɓa?

Hajara_Yaba:
A'a Alhaji, sda da sdb kawai. Da maɓallin tazara ake sa tauraro, Tab ya kai ka Ok. In ka danna Enter ba tauraro, bai zaɓi komai ba.